Laimar da Baba Yake Nufi

Baba ya dawo daga asibiti da kalma ɗaya. Kwana goma sha tara ya yi a can bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama da ƙafar dama suka daina jin magana, harshen ma ya bi su. Duk maganar da ya tara cikin shekara sittin da takwas ta kwashe, ta bar masa "laima". Ita yake faɗa idan an gaishe shi, ita yake faɗa idan an kawo abinci. Ya fi faɗinta da sassafe, da ƙarfi, yana nuna ƙofar baya da hannun hagu.

Bayan wannan ƙofa akwai ɗan fili tsakanin kicin da katanga, inda yake kiwon tana. Shekara talatin ya yi yana aiki a gandun rainon itatuwa kafin ya yi ritaya, a can ya koyi yadda ake sa tana ta yi taki. Ana zuba mata ɓawon kayan lambu da na ayaba da ganyen shayin da aka gama da shi, a rufe da yagaggen kwali da garin katako, a yayyafa ruwa. Ita kuma ta cinye, ta bar baƙin taki mai laushi, mai ƙanshin ƙasar da ruwa ya daka. Akwatuna shida gare shi: tsofaffin firji biyu da aka kwantar, rabin ganga uku, sai wani bahon wanka da ya tsage. Kowanne da murfinsa. 'Yan unguwa suka sa masa Mai Tana don tsokana, daga baya duk mai tukunyar fure ya riƙa zuwa da ɗan buhunsa.

Ranar farko, matarsa Inna ta ɗauko masa baƙar laimarsa daga bayan ƙofa ta ɗora masa a cinya.

"Ga ta, Malam. Ai ba wanda ya taɓa maka ita."

Ya ture ta ƙasa. Ta ɗauko mai furanni ta matar ɗansu Yaya, ko launin ne bai yi masa ba. Ya rufe ido, ya juya fuska bango.

Masu dubiya suka yi ta zuwa. Sai su zauna a gabansa su tambayi Inna yadda ya kwana, ko yana ci, ko yana gane mutane, shi kuwa ga shi nan a kujera, idonsa biyu, kunnensa biyu. Su ce sai haƙuri, su sha ruwa, su tafi. Da yawa sun ɗauka dubiya ke nan: ka je ka yi maganar mutum a kansa kamar kayan ɗaki, ka fito ka ce ka sauke nauyi. Ba wanda ya ja kujera ya zauna daidai fuskarsa ya jira shi.

Yaya, babban ɗansa, mai walda ne, mutum ne da ba ya son abu ya zauna ba a yanke masa hukunci ba. Shi yake ɗaga Baba ya kai shi wanka, shi yake yanke masa farce, amma tun daga asibiti ya daina yi masa magana. Wata rana da yamma ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Ƙarshen watan nan zan kwashe akwatunan can. In share wurin, in yi siminti, a riƙa fito da shi yana shan iska."

Auta, ƙanwarsa, tana koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Ta ajiye littattafan ɗalibai da take dubawa.

"Ka tambaye shi?"

"Wa zan tambaya?"

"Mai kayan."

"Farfesa, mai kayan bai san inda yake ba. Mutum yana neman laima a cikin ɗaki, rana ƙwal."

"Ya sani sarai. Bakin ne ya ƙi. Shekara goma sha ɗaya yana tara tanar nan, kai kuma za ka kwashe a yini ɗaya saboda ba zai iya ce maka a'a ba."

"To ki gaya mini abin da yake nufi da laima. In kin gano, in bar su. In ba ki gano ba, ƙarshen wata."

Inna ta ce su rage murya, yana ji. Yaya ya ce ai da yana ji da an huta. Baba yana falo, kuma ƙofa a buɗe take.

Daga ranar Auta ta ɗauki ciyar da tanar. Ƙarfe huɗu take dawowa daga makaranta, ta cire takalmi, ta ɗauki bokitin ɓawon da ya taru a kicin ta nufi filin bayan gida. Ba ta taɓa leƙa akwatunan da kyau ba sai yanzu. Da ta ɗaga kwalin sama, sai ta ga wani farin zare ya bi ƙarƙashinsa ya yi rassa kamar jijiyoyin ganye. A kan ɓawon lemo akwai funfuna, kore da toka-toka. Nan da can kuma wani baƙin abu ya narke ya manne a kwali kamar an ɗiga tawada. Ƙasa da wannan duka, tanar na ta kai da kawo, jajaye, ƙosassu.

Ta duba a wayarta. Farin zaren da funfunar ba cuta ba ne, su ne ke fara ruɓar da kwali da katako ya yi taushi kafin tana ta iya ci. Amma an ce suna yawaita ne inda danshi ya yi yawa. Tana karanta wannan ta miƙe tsaye. Laima. Ai ba ta ruwan sama kaɗai ake kira laima ba, ƙasa ma in ta jiƙe ana cewa ta yi laima.

Ta shiga falo da hannunta duk taki.

"Inna, ba ta riƙewa yake nufi ba. Danshi yake nufi. Yana cewa akwatunan sun yi laima da yawa." Ta durƙusa gaban kujerarsa. "Baba, na gane. Zan daina zuba ruwa, zan buɗe murafen duka su sha iska."

Baba ya buga hannun kujera da tafinsa na hagu. "Laima. Laima."

"Kin ji ko? Ya ce haka ne."

Ya sake bugawa, har kofin ruwansa ya yi tsalle. Ita dai ta riga ta juya. Laifin da take gani a wurin masu dubiya shi ta yi, sai dai ita ta haɗa da karatu: ta gaya masa abin da yake nufi, ba ta tsaya ta ji ko ya yarda ba. Ta cire murafen shida ta jingina su da katanga.

Yaya ya dawo ya gani ya ce, "An gano ke nan?"

"An gano."

"To me ya sa bai daina faɗa ba?"

"Sai sun bushe."

Ba su bushe ba. Kwana uku bayan haka ruwa ya sauko, ya yini yana zuba, washegari ma ya ƙara. Auta tana makaranta, ba wanda ya tuna da murafe. Baba ya ƙi cin abinci a kwanakin nan biyu. Ya sa aka juya kujerarsa ta fuskanci tagar da ke kallon bayan gida, da nuni da gurnani har Inna ta gane, ya zauna a nan bai motsa ba. Matar Yaya ta ce ko kewar tanarsa yake yi. Inna ta ce Allah dai ya kawo sauƙi.

Yaya yana da 'ya ɗaya, shekararta biyu da 'yan watanni. Baba ne ya sa mata Tsuntsuwa, saboda duk abin da ta gani a ƙasa sai ta tsince shi ta kai baki, maɓalli ne ko ƙwayar shinkafa. Ranar Asabar da safe uwarta na wanki a gaban gida, Inna na kicin, Auta na guga a ɗaki, Yaya na shirin fita. Kowa ya ɗauka yarinyar na wurin wani.

Ƙarar fashewar gilashi suka fara ji. Baba ya jefi taga da kofinsa. Kafin su iso ya yunƙura ya bar kujera, ƙafar da ba ta ɗaukarsa ta kayar da shi, ya faɗi da gefen fuska, kuma yana jan jiki da gwiwar hannu ɗaya zuwa ƙofar baya.

"Laima! Laima!"

Yaya ya sunkuya zai ɗaga shi. Baba ya doke hannunsa, ya nuna waje. Matar Yaya ce ta fara leƙawa.

Akwatunan sun cika da 'yan ƙananan huluna masu ruwan toka a kan siraran ƙafafu, ɗaruruwa, sun fito cikin dare ɗaya sun jeru a kan jiƙaƙƙen kwali. Bahon wankan shi ne mafi gajarta. Tsuntsuwa na tsaye a bakinsa, hannunta cike, ɗaya kuma a leɓenta, rabin hularsa babu.

"Wayyo, laimar kwaɗi ce a bakinta," in ji uwar. Ta fizge ta, ta sa yatsa ta ƙwaƙule bakin.

Auta ta tsaya da kalmar a kunnenta. Ba ta samu ta yi tunani a kai ba, don Yaya ya riga ya tada mota. Ta tsinki guda biyar ta naɗe a takarda, suka fita. Inna da wani maƙwabci suka mayar da Baba kujera.

A asibiti likitar ta dubi abin da ke cikin takardar ta ce ba za ta yi musu ƙarya ba, ido ba ya raba mai guba da marar guba, musamman waɗannan ƙananan. Wasu ba sa yin komai, wasu kuma ba sa nuna kansu sai bayan sa'o'i. Za su riƙe yarinyar su sa mata ido, su gwada jininta, zuwa gobe. Tsuntsuwa dai tana ta ƙoƙarin tsintar wani abu a ƙarƙashin gado.

A baranda Yaya ya ce, bai ko dubi Auta ba, "Wa ya buɗe murafen?"

"Ni."

"Gobe zan kawo mota. Kada ki ce mini komai."

Da la'asar Auta ta koma gida ɗauko wa matar Yaya kaya. Ta fara zuwa bayan gida. Hulunan nan na safe duk sun kwanta, sun narke sun zama baƙin ɗigo a kan kwali, irin wanda take gani kullum da yamma ba ta san ko mene ne ba. Da asuba suke fitowa, kafin rana ta take sun mutu. Wanda yake zuwa ƙarfe huɗu ba zai taɓa ganinsu ba.

Inna ta fito tana goge hannu.

"Inna, da safe me Baba yake yi a nan kafin mu tashi?"

"Yo me zai yi? Yana fitowa da gwangwanin madararsa ya yi ta sunkuye-sunkuye. Na ɗauka tanar yake tsinta."

"Kullum?"

"Da dai ba kullum ba. Tun da yarinyar nan ta fara rarrafe ne bai ƙara fashi ba. Ko zazzaɓi yake yi sai ya fito. In na yi magana ya ce in bar shi da aikinsa." Ta dubi bahon wankan, ta dubi tagar da ta fashe. Ta zauna a bakin firjin, ta kama haɓa.

Shekara ɗaya da rabi mutum yana tashi ya tsince abin da zai iya cutar da jikarsa, ya binne a ƙasan akwati, kafin gidan ya farka. Ba wanda ya sani, don ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da yake yi. An saba da shi yana sunkuye a bayan gida kamar yadda aka saba da famfo. Da jikinsa ya ƙi, da rabin sunan abin ya rage a bakinsa, ya yi mako biyar yana miƙa musu rabin nan kowace safiya.

Auta ta shiga falo. Gefen fuskar Baba ya kumbura, Inna ta shafa masa magani. Ta ja kujera ta zauna daidai fuskarsa. Ranar da za a sallami Baba, wata malamar koyar da magana a asibiti ta ce a riƙa yi masa tambayar da amsarta i ce ko a'a, ya ɗaga hannu in i ne, ya kifa tafi in a'a ne, kuma a jira shi. Kowa ya ce to. Ba wanda ya yi, har da ita.

"Baba, in i ne ka ɗaga hannu. In a'a ne ka kifa. Laimar kwaɗi kake nufi?"

Hannun ya tashi. Ya daɗe a sama.

"Da na buɗe murafen, ka ce mini a'a?"

Ya sake tashi.

"Ka yafe mini."

Bai ɗaga ba, bai kifa ba. Ya nuna ƙofar waje, ya sa tafinsa daidai tsayin yarinya.

"Tana nan lafiya zuwa yanzu. Tana wasa. Gobe za a faɗa mana."

Sai a nan ya sauke numfashi, ya miƙa hannu ya dafa kanta.

Washegari da hantsi aka sallami Tsuntsuwa, jininta lafiya lau. Ko abin da ta gutsura ba mai guba ba ne, ko uwarta ta rigaye shi, likita ta ce ba za a sani ba. Yaya ya sauke su a gida, ya fita, ya dawo da motar ɗaukar kaya ta wani abokinsa. Ya wuce bayan gida kai tsaye. Auta ta tare ƙofa.

"Na ce kada ki ce mini komai."

"Kai ka ce in na gano abin da yake nufi za ka bar su. Laimar kwaɗi yake nufi. Mako biyar yana gaya mana. Shi kaɗai ne a gidan nan ya san yarinyar na cikin haɗari, mu masu baki muna kawo masa ta ruwan sama."

"Ke kuma kika buɗe mata murafe."

"Na buɗe. Laifina ne, ba na akwati ba, ba nasa ba. Ka hukunta ni, kada ka hukunta shi."

"Wa ke maganar hukunci? 'Yata ta kwana a asibiti."

Matar Yaya tana zaune da yarinyar a cinya. Ta ce a hankali, "Auta, ni ba na gaba da tanar Baba. Amma ba zan iya wanki ido ɗaya a baya ba."

"Na ji, Anti. Abu ɗaya nake roƙo. A tambaye shi. Yana amsawa."

"Yana ɗaga hannu ga komai," in ji Yaya.

"To gwada shi."

Inna ta ce, "Je ka mana. Ubanka ne, ba zai cije ka ba."

Yaya ya shiga falo kamar wanda aka kira ofishin shugaban makaranta. Ya tsaya, sannan ya ga tsayuwar ba ta yi ba, ya durƙusa. Ya yi gyaran murya.

"Baba, ni ne Auta?"

Baba ya dube shi daga sama har ƙasa, irin kallon da yake yi masa tun yana ƙarami in ya kawo maganar banza. Ya kifa tafi a hannun kujera da ƙarfi. Inna ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

"Yau Juma'a?"

Ya kifa.

"Lahadi?"

Ya ɗaga.

"Akwatunan bakwai ne?"

Ya kifa. Ya buɗe yatsu biyar, ya dunƙule, ya ɗaga ɗaya.

Yaya ya sunkuyar da kai yana kallon siminti. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Duk abin da nake faɗa a gidan nan kana ji?"

Hannun ya tashi.

Yaya ya share fuska da hannun rigarsa, ya ce wani abu ya faɗa masa a ido. Sannan ya yi tambayar.

"Baba, ka ga abin da ya faru. Ga mota a waje. In kwashe su?"

Auta ta tabbata da amsar. Baba ya juya ya dubi taga, inda aka toshe ramin gilashin da kwali. Ya dubi Tsuntsuwa, wadda ta sauko daga cinyar uwarta tana binciken ƙarƙashin tabarma. Ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa. Ya daɗe. Sannan ya ɗaga na hagu.

"A'a, Baba, ba ka gane tambayar ba," in ji Auta. "Cewa ya yi zai kwashe. Zai tafi da su. Ni zan riƙa tashi da asuba, ni zan tsince..."

"Ke kika ce a tambaye shi," in ji Inna. "An tambaye shi."

"Amma shekara goma sha ɗaya..."

"Ɗazu yana da hankali, yanzu da bai faɗi naki ba ya rasa?"

Hawaye na zubo wa Auta, ba ta share ba.

Yaya bai tashi ba. Ya samu abin da ya zo nema, amma ya kasa miƙewa. Ya ce, "Duka?"

Baba ya kifa tafi.

"Nawa za a bari?"

Yatsa ɗaya.

"Bahon?"

Ya kifa da sauri, har da harara.

"Ganga? Firji? Babban ko ƙaramin? To, ƙaramin."

Sauran biyar ɗin suka fi cin lokaci. A zubar? A'a. A ba maƙwabta? A'a. A kai makarantar su Auta? Ya yi ɗan jim, ya dubi yarinyar, ya kifa, kuma Auta ta gane, can ma yara ne. Inna ce ta ce ko gandun da ya yi aiki, inda akwai shinge da waɗanda suka san hannunsa. Hannun ya tashi tun ba ta rufe baki ba.

Suka yini suna lodi. Rabin ganga cike da jiƙaƙƙen taki ba abin wasa ba ne, sai da direban motar da maƙwabta biyu suka kama. An turo kujerar Baba bakin ƙofar baya yana kallo. Sau biyu ya buga hannun kujera, na farko da suka karkata ganga ruwan ƙasanta ya fara zuba, na biyu da suka bar firji a rana. Duka biyun Yaya ya tsaya ya tambaya, aka gyara. Da motar ta tashi Baba bai bi ta da kallo ba. Auta ce ta bi ta har kwanar titi.

Ta dawo ta tarar da Yaya durƙushe gefen kujera da tef ɗin awo da fensir a kunne.

"Zan yi masa ƙafafun ƙarfe," ya ce da ita. "Ya ɗaga sama inda yarinya ba za ta kai ba, shi kuma ya kai daga zaune. Murfi da raga, iska na shiga, ruwa ba ya shiga. In sa sakata."

"Sakata za ta iya zarewa nan da wata shida."

"To kwaɗo. Laimar kwaɗi ai sai kwaɗo." Ya dubi Baba ko zai yi dariya. Rabin bakin Baba ya motsa. "Mabuɗin a wuyanka, Mai Tana. Farfesa ba ta taɓa murfi sai da izini a rubuce."

"Ka ji da awonka," in ji Auta.

Ya ja tef ɗin daga ƙasa ya tsayar. "Nan ya yi?"

Baba ya kifa tafi.

Ya ƙara tsayi. "Nan fa?"

Ya kifa.

"Baba, in na ƙara sai ka hau tsani." Ya rage. "Nan?"

Baba ya miƙa hannun hagu ya kama tef ɗin da kansa, ya sauke shi kamar faɗin yatsa uku, ya riƙe a wurin. Yaya ya zaro fensir ya yi alama a bango.